Ɗan Wasan da Ba a Taɓa Jefa wa Ƙwallo Ba

Ba son kurket ne ya kai ni kurket ba, burodi ne. A makarantarmu ta sakandare a Zariya, duk ranar wasanni yara sun fi ɗari suke rububin ƙwallon ƙafa guda, wanda kuma ba shi da ƙarfin ƙwauri, irina, sai dai ya koma gindin darbejiya ya yi kallo. Ana haka wani malaminmu ya dawo daga kwas da wata doguwar jaka a kafaɗa. Ya tara mu 'yan gindin bishiya ya ce zai koya mana wasan manyan mutane. Ba wanda ya motsa. Da ya ƙara da cewa akwai burodi da lemo bayan atisaye, sai ga layi har da rigimar wane ne ya riga wani.

Abin da ya fara fiddowa daga jakar wata jar ƙwallo ce ta fata, ɗinki ya zagaye cikinta, nauyinta wajen giram 160. Goruba ce sak a tauri da girma, sai dai ita goruba in ta same ka a goshi kana iya ɗauka ka gwaigwaya ka huce haushi. Sai wani faffaɗan katako mai mariƙi, da turaku shida da ake kafawa uku-uku, yadi 22 a tsakaninsu, a ɗora musu 'yan itatuwa bibbiyu a ka. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya. Wani ya jefo, wani ya tare da katako kada ƙwallo ta ture turakun. In ya buga ta yi nisa, shi da abokinsa su yi ta gudu tsakanin turakun suna tara maki. Malam, wanda tun daga ranar ya ce a riƙa kiransa Koci, ya sanar da mu cewa wasan yana da dokoki 42. Ni dai a ta uku na sauka.

Baiwa ɗaya gare ni, ita ce jifa. Duk mai bishiyar mangwaro daga Tudun Wada zuwa Samaru ya san hannuna ko da bai san fuskata ba. Sai dai kash, a kurket mai jefa wa mabugi ƙwallo ba a yarda ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ta ba, dole hannun ya zagayo a miƙe ta saman kai. Wannan doka, a ganina, da gangan aka yi ta don a danne 'ya'yan talakawa da suka koyi jifa a gindin mangwaro. Duk jifan da na yi sai Koci ya miƙa hannu gefe ya ce bai halatta ba. Daga ƙarshe ya tura ni can bakin fili, kusa da katanga, inda ba na cutar da kowa.

A watan Maris na 2019 matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka lashe gasar share fage ta Afirka a Namibiya, suka samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu a farkon 2020, karo na farko a tarihin ƙasar. Tun daga nan Koci ya daina barci, mu ma ya hana mu. Da aka ce za a zaɓi yaran da za su wakilci shiyyar Arewa maso Yamma, sai ya loda mu a bas zuwa Kaduna, Dandalin Murtala. Ni an tafi da ni ne saboda akwai sauran kujera, kuma jakar tana bukatar mai ɗauka.

Yaran Kaduna sun zo da takalma masu ƙusa da hulunan kwano nasu na kansu, suna wani irin Turanci da ba a koya mana a aji ba. A gwajin bugu na rufe ido na kai wa iska duka. A gwajin jifa alkali ya gaji da miƙa hannu. Sai aka zo wasan gwaji, aka kai ni mazaunina na bakin fili. Ina tsaye ina lissafin ko burodin Kaduna ya fi na Zariya girma, sai na ji ana ta ihu, ga ƙwallo tana gangarowa wajena. Na sure ta, na auna yaron da ke tsugune bayan turaku da safar hannu, na sake ta da dukkan ƙarfina. Ta kuɓuce. Maimakon ta je wurinsa, sai ta nufi ɗaya ɓangaren, ta tumɓuke turken tsakiya, daidai lokacin da gwanin 'yan Kaduna yake saura taku biyu ya isa. Fili ya kaure. Wasu dattawa uku da ke zaune a inuwa da takardu suka sunkuya suna rubutu. Koci ya rugo ya rungume ni yana cewa, "Ka gani? Abin da nake koya maka ke nan!" Ban musa ba. Da yamma aka karanta sunaye goma sha huɗu, nawa ne na ƙarshe.

Kafin in cire takalmi a gida labari ya riga ya fita ta katanga. Inna ta gaya wa maƙwabciyarmu an ɗauke ni a ƙwallo. Da magariba an ce Abuja za ni, wanda gaskiya ne. Da isha'i Abuja ta zama Ingila. Washegari mai shayin bakin layi, wanda nake ci wa bashi, ya ƙara mini ƙwai biyu kyauta ya ce in gaishe masa da Ahmed Musa.

Baba ne kaɗai ya nemi bayani. Na zauna a gabansa na zana fili a ƙasa da tsinke. Da na kai inda na ce manyan ƙasashe irin su Indiya da Ostareliya suna yin wasa ɗaya har kwana biyar, kuma a iya tashi ba wanda ya ci, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kwana biyar?"

"E, Baba."

"Magidanta ne?"

"Wasunsu."

"To Allah ya kyauta. Kai dai ka riƙe salla."

Mutum ɗaya ne a unguwarmu ya san abin da ake ciki, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da muke kira Baba Alhaji, wanda ya yi Kwalejin Barewa tun ana saka gajeren wando. Ya aiko aka kira ni. Ya ba ni tarihin makarantar tun daga kafa ta a Katsina a 1921, zuwa komawarta Kaduna, zuwa zamanta a Zariya a 1949, ya ce a zamaninsu yaro bai cika ɗan boko ba sai ya iya riƙe katako. Ya miƙe da sandarsa ya nuna mini yadda ake tare ƙwallo, gwiwa a gaba, kai a sunkuye, har ya kusa kifawa a kan buta. Sannan ya ce, "Jikana, abu ɗaya zan gaya maka. Kome ya faru, kada ka tsaya a tsakiyar fili." Na ce to, ina tunanin maganar tsofaffi ce kawai.

Kawuna kuwa, ƙanin Inna, wanda bai taɓa ganin kurket ko a talabijin ba, nan take ya naɗa kansa manajana. Shi ya karɓi takardar da aka ba mu, ya ga an rubuta a zo da farar riga da farin wando. Na ce masa na roba ake nufi, irin na 'yan wasa, akwai su a gwanjo a Sabon Gari. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan yayata zai wakilci jihohi bakwai a cikin gwanjo? Ina raye?"

Ya ja ni kasuwa ya yanko farar shadda, ya kai wa telansa. Tela ya ɗinka wando mai mazagi, mai faɗin da ni da ƙanena za mu shiga tare mu bar wa baƙo wuri, ya kuma yi wa bakin ƙafar ɗan aiki da zare don kada a raina mu. Daga nan aka kai wa mai wanki da guga, Kawu ya ce a ba shi sitati na fita kunya. Da aka dawo da shi, Inna ta jingina shi da bango ya tsaya da kansa. Kakata ta kawo rubutu a gora, ta ce in sha rabi in shafe ƙafafu da rabi, tunda a saninta da ƙafa ake ƙwallo.

A Abuja aikina na farko ɗaukar ruwa ne. A kurket akwai mutum na goma sha biyu, wanda ke shiga da gorunan ruwa in an tsaya hutu, kuma ba na jin an taɓa samun wanda ya riƙe wannan muƙami da kwarjini kamata. In na taho, tun daga nesa ake jin wandona yana ƙwaram-ƙwaram, 'yan wasa su san ruwa ya iso. Da an bar ni a nan, da yanzu ana tunawa da ni da alheri.

Ranar da za mu kara da yaran Kudu maso Kudu, waɗanda akasarinsu 'yan Edo ne kuma kowa ya san can ne gidan kurket, sai mutum uku a cikinmu suka kwana suna zarya saboda wani tsire da suka saya da dare. Koci ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya dube ni ya yi ajiyar zuciya.

Su suka fara bugu, oba ashirin, kowace oba jifa shida. Sau ɗaya ƙwallo ta zo wajena. Na tuna Kaduna, na tattara ƙarfi na sake ta. Ta bi ta saman kan kowa ta fice ta ɗaya gefen filin, alkali ya ba su maki huɗu sadaka.

Da muka karɓi katako, kyaftin ɗinmu, wani siririn Bakano marar magana, ya tsaya tsayin daka yana tara maki, sauran kuwa suna shiga suna fitowa. Ni ne na goma sha ɗaya. Da na ga na takwas ya dawo, aka ce in shirya. Aka ɗaura mini matasan ƙwauri na wani ƙato, waɗanda maɗaurinsu ya saki, aka kifa mini hular kwano da ta rufe mini gira. Sai Koci ya miƙo mini wani ɗan ƙoƙon roba, ya kau da kai ya ce, "Sa wannan." Kunya ta hana ni tambaya, amma na gane inda aka nufa, don duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallon nan ya san akwai wurin da ba a so ta ziyarta. Abin da ba a gaya mini ba shi ne ƙoƙon yana bukatar matsattsen kamfai ya riƙe shi. Ni kuwa gajeren wando ne a jikina, shi ma ɗinkin telan Kawu.

Na tara ya faɗi a jifan ƙarshe na oba ta goma sha tara. Saura maki uku mu ci, saura jifa shida, saura ni. Da yake an juya ɓangare, kyaftin ne zai fuskanci mai jifa, ni ina ɗaya gefen. Ya tako ya same ni.

"Malam, ba na son ka yi komai. In na ce gudu, ka yi gudu. Ka ji?"

"Na ji."

Jifan farko ya maka ta ta ratsa tsakanin mutum biyu. "Gudu!" Na zabura. Ban yi taku biyar ba na ji ƙoƙo ya bar mazauninsa ya kama hanya. Na matse cinyoyi na ƙarasa da tsalle-tsalle, maki ɗaya ya samu. "Dawo! Dawo!" Na juyo. Yanzu ƙoƙo ya iso gwiwa, matashin ƙwaurin hagu ya juya ya koma baya, hula ta sauko ta rufe ido ɗaya. Daidai tsakiyar fili abin ya sulluɓo ta ƙafar wando, ta wajen aikin zaren nan, ya faɗo ƙasa ya yi 'yar gangara ya kwanta a fili, baki sama.

A gefen fili kuwa ƙungiyoyin 'yan mata ne zaune reras suna jiran nasu wasan. Duk wanda aka haifa a gidan Hausa ya san ba a barin irin wannan kaya a bainar jama'a. Na ja birki, na koma, na sunkuya. Ina sunkuye na ji ƙarar turaku da ihun 'yan Edo. Alkali ya ɗaga yatsa. Mun faɗi da maki ɗaya. Kyaftin ya zo ya wuce ni bai ce uffan ba, sai da ya kai bakin fili ya zauna a ƙasa ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Har yau ina kyautata zaton kuka yake yi.

A takardar sakamako an rubuta sunana, a gabansa maki 0, ƙwallon da ya fuskanta 0.

Baba Alhaji kaɗai na gaya wa gaskiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi aka kawo ruwa, da ya farfaɗo ya ce, "Ba na ce kada ka tsaya ba?" ya sake komawa. Kawu kuwa ya karɓi takardar ya juya ta, ya sa na fassara masa, ya yi shiru na ɗan lokaci. Da la'asar na same shi a majalisa yana bayani: "Yaran Kudu da suka ga ya shigo, ko ƙwallo ɗaya ba wanda ya iya jefa masa. Ga shi nan a rubuce." Aka yi ta kabbara. Mai shayi ya yafe bashin.

Ba a sake kirana ba. A watan Janairun 2025, da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a gasar cin kofin duniya a Malesiya, Kawu ya bugo mini waya ya ce kowa ya san wanda ya share musu hanya. Don haka, mai karatu, in Allah ya kai ka unguwarmu ka ji ana labarin ɗan wasan da aka ji tsoron jefa wa ƙwallo, don girman Allah ka sha shayinka ka yi shiru. Kawu yana da hawan jini.