Jinjina ga Magina Nowa Huta

Allah ya ja zamanin masu tsara biranen gurguzu, ma'abota rula da fensir, sarakunan taswira, waɗanda ƙasa ke bin takardarsu ko tana so ko ba ta so!

A 1949 suka dubi ƙasar Polan kaf, suka tsallake Silesiya mai kwal, suka kafa tutar sabon birnin Nowa Huta a gabashin Krakow, inda babu kwal, babu tama, sai baƙar ƙasa mai albarka ta manoman Mogila da Pleszow. Ai kowane gama-gari zai iya gina masana'antar ƙarfe a bakin ma'adini. Gwani shi ne mai sa tama ta taso tun daga Yukiren a jirgin ƙasa, ta sha iska, ta ga gari. Manoman kuwa an hutar da su wahalar noma, aka ba su diyyar da ba za ta yaga aljihu ba.

Mahassada na cewa wai horo aka yi wa Krakow, birnin malamai da limaman coci, don ta juya wa 'yan gurguzu baya a ƙuri'ar raba gardama ta 1946. Sharri ne. Kyauta aka yi mata: masana'anta mai sunan Lenin, wadda ta hura wuta a 1954, ta kuma riƙa raba hayaƙinta da adalci, ba ta bambanta huhun lebura da na farfesa, har tsofaffin gine-ginen birnin sai da suka samu rabonsu. (Tamu Ajakuta, da Rashawa suka gina mana, ta fi kawaici: ba ta narka tamar da za ta turnuƙe kowa ba.)

A Nowa Huta kuwa, ga tituna fanka-fanka, ga makarantu, ga gidan wasan kwaikwayo, ga maɓoya a ƙarƙashin ƙasa saboda ranar yaƙi. Coci kaɗai ba a gina ba, don sabon mutumin gurguzu ya wuce nan. Hangen nesa ke nan! Albarkacinsa ma'aikata suka gwabza da 'yan sanda a 1960 saboda gicciyen katako guda, suka ɗauki shekaru suna gina coci da hannunsu, har Karol Wojtyla ya keɓe cocin a 1977, shekara guda kafin ya zama Fafaroma. Wace majami'a ce ta taɓa cika sahu kamar yadda jam'iyyar gurguzu ta cika wannan?

An yi alkawarin haɗa kan ma'aikata, an kuwa cika. Dubbai aka tara a ƙofa ɗaya, suka haɗu tsaf, suka zama ƙashin bayan ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc, suka yi ta yajin aiki har gwamnatin ta kife.

Shi ma uban gayyar ba a tozarta shi ba. An sauke gunkin Lenin a Disamban 1989, wani attajirin Suwidin ya saye shi, ya kai shi wurin shaƙatawa na kaboyi. Babban dandalin Nowa Huta kuma, tun 2004, sunan Ronald Reagan yake amsawa.