Wa Zai Fara Kunna Hita?

A Kano ba a yin shawara da kowa kan shigowar sanyi. Ranar da jaura ta buso, leɓe ya tsage, cinikin mai shayi ya ninku, kowa ya san abin da ake ciki. A zazzage akwati a fito da bargo, tsofaffi su sa a zuba musu garwashi a kasko, yara su tara kara da yayi a bakin layi su kewaye wuta. Kafin azahar rana ta fito ta rarrashi kowa. A Ingila kuwa, inda zaman karatuna ya rikiɗe ya koma zaman neman abinci, sanyi shari'a ce da ake tafkawa a kowane gida daga ƙarshen Satumba har cikin Nuwamba. Ƙarar kuma guda ce: yaushe za a kunna hita?

Ga wanda bai taɓa gani ba, yawancin gidajen nan suna da wata tukunyar gas da ake kira boila, maƙale a bangon kicin. Tana dafa ruwa tana tura shi ta bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bangon kowane ɗaki, 'yan uwan lagireton mota. Sai wani ɗan ma'auni da ake murɗawa a faɗa masa yawan ɗumin da ake so. Girmansa bai fi sabulun wanka ba, amma ya fi kishiya iya haddasa faɗa. Shi ya nuna mini halayen mutanen Manchesta, baƙi da 'yan gari, fiye da duk wata hira da na yi da su.

Na farko shi ne mai kalanda. Wannan bawan Allah ya yanke wa kansa rana, galibi 1 ga Nuwamba, wasu kuma Lahadin ƙarshe ta Oktoba, daren da ake mayar da agogon ƙasar baya da awa guda. Kafin wannan rana ba ya jin sanyi, ko da kuwa haƙoransa na kaɗa kuge. Za ka same shi a falo yana magana tururi na fita daga bakinsa kamar buta ta tafasa, yana ce maka, “Ai da saura, yau fa sha tara ga wata.” Kamar mai jiran ganin wata. Abin mamakin shi ne ranar da wa'adin ya cika sai ya kunna ko da an tashi da rana, domin ba da sanyi yake hulɗa ba, da alƙawarin da ya ɗaukar wa kansa yake. Idan maƙwabcinsa ya riga shi kunnawa, ya hango farin tururi na fita ta bututun bayan gidan, sai ya yi murmushin wanda abokin kokawarsa ya sha ƙasa. Kuma sai ya ba da labari a wurin aiki.

Ba shi kaɗai ne da wannan aƙida ba, gwamnatoci ma sun yi ta. A Beijin hukuma ce ke kunna wa gari ɗumi, bisa al'ada daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris. A Rasha ana jira sai matsakaicin ma'aunin yini ya sauka ƙasa da digiri 8 kwana biyar a jere. Can aƙalla in sanyi ya kama ka kana da wanda za ka zaga. A Ingila kai da aljihunka ne.

Kishiyar mai kalanda shi ne sabon zuwa. Jami'o'i na buɗewa a Satumba, sai ga ɗan'uwanmu ya sauka daga Sakkwato ko Maiduguri, jikin da ya saba da digiri 40 a watan Afrilu. Turawa na yawo da gajeren wando a waje, shi kuma ya naɗe kansa kamar gawa. Daren farko ya murɗe ma'auni har ƙurya, digiri 30, wai don ɗakin ya yi saurin ɗumi. Babu wanda ya gaya masa cewa ma'aunin ba totur ba ne. Boila gudunta ɗaya, abin da ma'auni ke faɗa mata kawai shi ne inda za ta tsaya. Sai ya yi wata guda yana kwana da singileti, yana aika hoto gida cewa ai sanyin Turai da ake faɗa duk kuri ne. Ranar da bil ya zo, sai ya ɗauki waya ya mayar da kuɗin zuwa naira. Na taɓa ganin wani ya yi wannan lissafi a gabana. Ya yi salati, ya sake dannawa ko ya ƙara sifili bisa kuskure, sannan ya tashi ya je ya kashe boilar da kansa, ya dawo ya zauna shiru. Washegari ya zama nau'i na uku.

Nau'i na uku shi ne mai gadin mita. A da sai ƙarshen wata mutum ke sanin abin da ya ƙona. Yanzu kamfanoni sun raba wa mutane wani ɗan allo da ke nuna kuɗin da ake ci a kowane lokaci, fam da kwabo, suna hawa a gaban idonka. Mai gadin mita ya ajiye allon nan a kan teburin cin abinci, yana kallonsa fiye da yadda yake kallon 'ya'yansa. Ka dafa shayi, ya leƙa. Yarinya ta daɗe a wanka, ya ƙwanƙwasa ƙofa. In kuma mitarsa ta kati ce, wadda ake zuwa shagon kan kwana a sa mata kuɗi kamar mitar wutar gida, to har da lissafin kwanaki yake yi a jikin ambulan. Ban cika yi masa dariya sosai ba, domin yana da hujja. A 2021 iyakar farashin da hukumar makamashi ta Ofgem ta sa ta kai gida matsakaici fam 1,277 a shekara daga Oktoba. Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, gas ya yi tashin gwauron zabo, har hukumar ta sanar da fam 3,549 daga Oktoban wannan shekara. Sai da gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da shi a 2,500, ta kuma rage wa kowane gida fam 400. Wanda ya ga wannan hunturu, ko ya warke akwai tabo. Tun daga lokacin duk wata uku ake sake farashi, ɗaya daga ciki kuwa na faɗowa ne ranar 1 ga Oktoba, daidai lokacin da sanyi ke sallama.

Akwai sarkin riguna, wanda maganinsa ga kowace cuta shi ne “ƙara riga.” Singileti, riga mai dogon hannu, suwaita biyu, jallabiya a sama, safa kan safa, hular sanyi har gira. In ya zo alwala sai ya yi minti goma yana neman gwiwar hannunsa. Yana da robar ruwan zafi da yake rungumewa kamar jariri, da bargon lantarki, da falsafar da ya haddace: a ɗumama mutum, a bar gida. Falsafar tana da ƙamshin gaskiya har zuwa ranar da ya janye kabad ya ga bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Gidajen nan da yawa tsofaffi ne, kusan ɗaya cikin biyar a Ingila an gina su kafin 1919, bulo zalla. Sanyinsu kuma ba irin namu busasshe ba ne da ke jawo kaushi da faso, jiƙaƙƙe ne. Numfashi da tururin girki da wankin da aka shanya a ɗaki duk suna komawa ruwa a jikin bango mai sanyi. Garin neman gira ya rasa ido, kuɗin da ya tara ya tafi a fenti da maganin tari.

Amma babban yaƙi a gidan aure ake yinsa, kuma da dare. Maigida ya tsayar da ma'auni a 17 ya kwanta. Uwargida ta ce za ta duba yara, ta bi ta wajen ta ɗan taɓa shi da kafaɗa, ya koma 22. Ƙarfe biyu maigida ya farka cikin gumi, ya ji ƙarafan bango na ƙas-ƙas, ya lallaɓa da ƙafa ba takalmi ya mayar. Da asuba ta sake. Da safe a kan shayi babu mai tayar da zancen, sai dai ta ce, “Baban yara, jiya kamar an ɗan yi sauƙin sanyi ko?” Shi kuma ya ce, “Ƙwarai kuwa, har na ji kamar wani ya taimaka masa.” Wani abokina ya zaci ya yi dabara, ya sa na'urar da ake sarrafawa ta waya, yana zaune a ofis yana ragewa. Bai san uwargida ta sa babban ɗansu ya saukar mata da manhajar a tata wayar ba. Boilar gidan nan ta yini tana kunnuwa tana mutuwa kamar wutar NEPA, har sai da mai gyara ya zo ya tambaya ko gidan akwai aljanu.

Sai mai fakewa. Shi ba ya jin sanyi, Allah ya kiyaye, saboda yara ne ya kunna. Ko saboda wanki ya bushe. Ko don kada bututu ya daskare ya fashe, alhali ƙanƙara ko alamarta babu. Maƙwabciyata Baturiya cewa ta yi saboda kyanwarta ne, wai ta tsufa tana ciwon gaɓoɓi, kyanwar da Allah ya halitta da bargonta. Ƙanin mai fakewa shi ne mai kunna wa baƙo. Minti goma kafin ka iso yake kunnawa, ya tarbe ka da fara'a kamar haka gidan yake kullum. Abin da ke tona masa asiri ƙauri ne. Ƙarfen da ya yi wata shida ba a kunna ba yana tara ƙura, in ya ɗau zafi sai gidan ya ɗauki warin ƙonannen tsumma. Kana sa ƙafa a waje za ka ji ƙit, an kashe.

Ɗan hayar da kuɗin ɗakinsa ya haɗa da wuta da gas ba ya buƙatar dogon bayani: hita a ƙure, taga a buɗe, shi da gajeren wando yana shan ruwan ƙanƙara a Disamba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, domin mai gidan ma ya san irinsa, shi ya sa wasu ke kulle ma'aunin a cikin akwatin roba mai makulli. Ɗalibai kuma suka gano cewa in ka ɗora wa akwatin ledar daskararren wake daga firji, ma'auni zai zaci gari ya ƙara sanyi ya tayar da boila. Akwai ɗan gudun hijira, da ke yini a laburaren gari ko a masallaci tun daga azahar har isha, kowa na yaba ibadarsa. A Disamba ba wuya, magariba tana yi kafin ƙarfe huɗu. Akwai kuma masani, wanda in ka kuskura ka tambaye shi ko ya fi araha a bar hita a ƙasa-ƙasa duk yini ko a riƙa kunnawa ana kashewa, to ka nemi kujera. Abu ɗaya na ƙaru da shi a wurinsa: ƙaramar hitar lantarki da mutanenmu ke saye suna ganin sun yi wayo, wutar da take ci ta ninka gas tsada wajen sau huɗu.

Duk waɗannan sarakunan ra'ayi suna ajiye makamai ranar da Hajiya ta sauka daga jirgi domin wankan jego. Matar da ta san ruwan zafi da kunun kanwa, wadda a wurinta sanyi ne tushen kowace cuta ta mai jego, ba a kawo mata zancen mita. Ta shigo, ta taɓa bango, ta dubi surukinta ta ce, “Malam, a nan kuke ajiye mini jika?” Mai kalanda da kansa zai je ya murɗa, ko da Satumba ce. Abu ɗaya ne ake haɗuwa a roƙe ta ta bari, wato kaskon garwashi da turaren wuta a rufaffen ɗaki. Ƙararrawar hayaƙi ta tara wa mutum jama'a, wannan mai sauƙi ne. Gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci, a Manchesta ko a Jos.

Wani nau'in ba na iya yi masa raha. Tsohon da ke zaune shi kaɗai a ƙarshen layinmu, labule a rufe, da kwat a jikinsa cikin falo. Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18, musamman ga tsofaffi da marasa lafiya, domin sanyi na tayar da hawan jini yana kuma kama ƙirji. Akwai ɗan tallafin hunturu da gwamnati ke ba masu fansho tun 1997, amma irin wannan dattijo ko an ba shi ajiyewa yake. In kana da irinsa a layinku, ka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ni kuwa, tunda an zo kaina, na ɗanɗana kowane kwano. Na zo a sabon zuwa, na yi gadin mita shekara biyu, na yi sarautar riguna har sai da bango ya yi baƙi. Bana na sanar da iyalina a hukumance cewa sai 1 ga Nuwamba. Ina wannan rubutu saura kwana goma sha ɗaya, ma'aunin falo yana kan 14, ina buga haruffa da safar hannu da aka yanke wa yatsu. Ɗazun nan na ji ƙarfen bayan kujerata ya fara ƙas-ƙas, ɗumi na tasowa ta ƙafafuna. Na ji takun wadda ta kunna, kuma ban ɗaga kai ba.