Asatif Ɗin Bana

Turawa na da wata kalma, "assertive", da 'yan bokonmu suka ɗauko suna ce mata asatif. Ma'anarta ba wuya: mutum ya faɗi abin da yake so, ko ya ce a'a, murya ba ta rawa, kuma bai ci mutuncin kowa ba. A Amurka har darasi aka maida abin. A 1975 wani masanin halayyar ɗan Adam, Manuel Smith, ya wallafa littafi saboda mutanen da in sun ce a'a sai su kwana suna jin sun yi laifi. Cikin dabarunsa har da ta faifan garmaho mai maƙalewa, wato ka yi ta nanata magana ɗaya cikin sanyin murya har mai naci ya gaji.

Da ya leƙo Kasuwar Kurmi da ya huta da rubutu. Taya kaya ka ji. "Albarka." Ka ƙara. "Albarka, Alhaji." Ka rantse, ka juya kamar za ka tafi, ka dawo: albarka dai, da murmushi, har ya tambaye ka ya iyali.

Amma namu da aka kai otal bitar kwana uku, aka ba su jaka da takardar shaida da kuɗin mota, wani abu daban suka jiyo. Sun dawo da tsiwa, sun raɗa mata sunan Turanci. Ɗan Adaidaita ya shiga uku a kan canjin naira 50. Masinjan ofis ya kawo shayi da ɗan sanyi, an tsayar da shi ana karanta masa haƙƙin ɗan Adam. Ka ce, "Haba Malam, sassauta mana," ya gyara zaman tabarau ya ce ai shi asatif ne.

Jira oga ya bugo waya ranar Asabar da daddare. Gogan naka zai miƙe tsaye da wayar a kunne, yana rusunawa a ɗakin da ba kowa: "Ranka ya daɗe, ba komai wallahi, dama ban yi barci ba." Haka in Gwaggo ta zo ƙofa da maganar kayan ɗakin 'yarta, alhali bashin bara na nan ba a biya ba. Sai ya ce, "To Gwaggo, bari a yi albashi," ya raka ta har bakin titi, ya biya mata kuɗin Adaidaita, bai ma tsaya karɓar canji ba.