Shari'ar Shamuwa da Rijiyar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wani gari ne na namun daji, Zaki ne sarkinsa. Garin unguwa biyu ne. A tudu fada take, nan su Giwa da Ɓauna da sauran manya ke zaune, suna da rijiya mai zurfi da aka ɗaure bakinta da duwatsu aka yi mata murfi. Gangare kuwa na talakawa ne, su Kura, Zomo, Gafiya, Kurege da Biri. Su ba su da rijiya. Kullum sai sun hau tudu da tuluna tun asuba, wata rana su samu, wata rana a kore su. A bayan unguwarsu akwai wani kwari mai duhuwa, can babba da yaro ke zagayawa, don babu gidan da ke da salga.

Gizo ya duba ya ga kasuwa. Da rani ya tsananta sai ya haƙa rijiya a bakin kwarin nan, gaba biyu kacal ya tarar da ruwa. Bai ɗaure bakinta ba, bai yi mata murfi ba, kowa ya zo da gugansa ya yar a ƙasa, ya ɗauka ya zura.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, anya rijiyar nan ba ta yi kusa da kwari ba?"

Gizo ya ce, "Ke dai ƙirga kuɗi. Kin taɓa ganin ruwa mai haske kamar wannan?"

Ana nan sai Shamuwa ta iso daga kudu kamar yadda ta saba, ta yi sheƙa a kan tsamiyar gangare. Ba a yi mako ba hadari ya haɗo, aka kwana ana ruwa. Kwari ya cika ya batse, ya kwaso duk abin da aka tara masa tun kaka, ya malala ta kan rijiyar Gizo. Da gari ya waye ruwan ya janye, laka ta kwanta, rijiya ta koma garau.

Kwana biyu bayan haka ɗan Kura ya tashi da amai da gudawa. Ba irin zawon da aka sani ba ne, ruwa ne tsinkakke fari-fari irin na wankin shinkafa, yana zuba ba tsayawa. Kafin azahar idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dushe, in aka tsunkuli fatar cikinsa sai ta tsaya a tattare. Kafin magariba ya cika. Washegari 'ya'yan Zomo uku suka kwanta. Matan da suka wanke gawar ɗan Kura, suka koma suka tuƙa tuwon zaman makoki, su ma suka kwanta, da waɗanda suka ci tuwon.

Aka kira Malam Dila. Ya buga ƙasa, ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya ce, "Baƙuwa ce ta zo mana da iska a fukafukanta. Ku tuna, kafin Shamuwa ta sauka wa ya yi ciwo?" Ya ƙara da cewa kada a kuskura a ba mai zawo ruwa, wai ruwan ne ke ƙara masa gudu. Wannan magana ta biyu ta fi ta farko ɓarna. Uwa na ji ɗanta na kiran ruwa da ƙyar, ta kau da kai tana hawaye, a zatonta taimakonsa take yi.

Aka kamo Shamuwa aka ɗaure a ƙofar fada. Kura na ta haki tana cewa a bar mata ita. Zaki na shirin yanke hukunci sai Kunkuru ya rarrafo gaba ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, Manyan Dawa. Shekarata nawa a garin nan, kowace damina Shamuwa na zuwa, ba mu taɓa ganin haka ba. Ruwa ba ya tsami banza. A ba ni kwana uku."

Zaki ya ce an ba shi.

Da dare Tsattsewa ta sauka a ƙofar Kunkuru. Ita rabin shekara take yi a ƙasashen Turawa, tana kwana a ƙarƙashin rufin gidajen mutane. Ta ce, "Baba, akwai labarin da muka gada daga kakanninmu. A shekarar 1854 wannan ciwo ya faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, cikin kwana goma mutum wajen 500 suka mutu. Masana na lokacin suka ce warin iska ne. Wani likita, John Snow, bai yarda ba. Ya bi gidajen da aka yi rashi yana tambayar inda suke ɗebo ruwa, sai ya ga kusan duka famfo ɗaya ne, na titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano akwai ramin ƙazanta dab da rijiyar, yana yoyo a cikinta, kuma a ramin ake zubar da ruwan wankin tsumman wata jaririya da ta kamu."

Kunkuru bai ce komai ba. Da asuba ya ɗauki ƙorai biyu da tarin tsakuwa. Kowane gida ya shiga sai ya yi ta'aziyya, ya zauna, sannan ya tambaya, "Ina kuke shan ruwa?" In an ce tudu ya jefa tsakuwa a ƙwarya ɗaya, in an ce rijiyar Gizo ya jefa a ɗayar. Tafiyar kunkuru ce, sai da ta cinye kwana ukun cif. Ƙwaryar Gizo ta cika har tana zuba. A ƙwaryar tudu tsakuwa ɗaya ce tak, ta tsohuwa Bushiya, wadda ta rasu ba ta taɓa sauka gangare ba. Wannan tsakuwa ta hana Kunkuru barci. Ya sake hawa tudu ya sami ɗanta, ya tambaye shi a hankali. Yaron ya fashe da kuka, ya ce, "Baba, Inna ta ce ruwan gangare ya fi sanyi. Ni nake kai mata tulu ɗaya kullum." Kunkuru ya cire tsakuwar ya mayar da ita wajen 'yan uwanta.

A fada ya juye ƙoran biyu gaban Zaki. Gizo ya yi tsalle, ya sa aka kawo ruwan rijiyarsa a ƙoƙo, ya ɗaga shi sama. "Ranka ya daɗe, duba! Ina ciwon yake? Wa ya ga wani abu a ciki?"

Babu wanda ya ga komai. Har an fara guna-guni, sai wata 'yar murya ta ce daga bakin ƙoƙon, "Ni na san su." Ƙuda ne.

Ya ce, "Allah ya taimaki sarki, ba zan ɓoye laifina ba. Ni ke sauka a kwari in tashi in sauka a kan tuwo, kuma ba ni kaɗai nake tafiya ba. Akwai wasu halittu, mutane na ce musu bakteriya, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Dubbansu za su zauna a ƙafata ɗaya ban ji nauyi ba. Wadda ta shigo garin nan sunanta Kwalara. Lanƙwasasshiya ce mai wutsiya ɗaya, tana iyo a ruwa. Ba ta cizo, ba ta huda hanji. Mannewa take yi a jikinsa ta saki dafi, dafin ya sa hanjin ya riƙa tatso ruwan jiki yana zubarwa, har babba ya iya rasa lita guda cikin sa'a guda. Daga shanta zuwa kwanciya, wani rabin yini, wani kwana biyar. Abin da ya fi ban tsoro, da yawa cikin waɗanda suka haɗiye ta ba sa jin komai, suna yawonsu lafiya, amma tana fita a bayan gidansu kwana da kwanaki."

Fada ta yi tsit. Kowa ya tuna sau nawa ya tsuguna a kwari cikin makon nan.

Ƙuda ya ci gaba, "Tana da 'yan uwa. Akwai mai kawo atini, wadda ke sa a riƙa yin majina da jini ana murɗa. Ita ba ta buƙatar runduna, goma zuwa ɗari sun isa su kwantar da ƙato, shi ya sa ta fi kowa son ƙafata da hannun da ba a wanke ba. Akwai Taifot, mai haƙuri. Sai ta yi mako ɗaya ko biyu a ɓoye, sannan ta fito da zazzaɓin da ke hawa kullum, in aka bar ta har hanji takan huda. Wani ya warke, ita kuwa ta tare a matsarmamarsa shekara da shekaru, duk abincin da ya dafa da hannu marar tsabta ya raba ta. Wasu kuma a naman kaza da bai dahu ba suke, da ɗanyen ƙwai, da madarar da ba a tafasa ba. Kuma duk suna murna da mai sayen kafso biyu ya haɗiya ya daina, don waɗanda suka tsira daga rabin magani su ke haifar waɗanda maganin ba ya ji. Amma sarki, ni 'yan kaɗan nake ɗauka. Rijiya ita ke kai su kowane gida lokaci ɗaya."

Gizo ya buɗe baki zai yi musu, sai ga Ƙoƙi ta shigo a guje, ba ko mayafi, ɗansu a hannu ya yi laushi. "Maigida, tun hantsi yake zubarwa!"

Gizo ya zube ƙasa. Malam Dila ya ce a dai hana shi ruwa. Daga inda take ɗaure Shamuwa ta ɗaga murya.

"Ƙoƙi, kada ki saurare shi! Ni a cikin garuruwan mutane nake sheƙa, na sha kwana a kan bishiyar asibiti. Bushewa ce ke kisa. Tafasa ruwa lita ɗaya ki bar shi ya huce. Ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kada ki ƙara. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba fashi. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba. Kada ki cire shi daga nono."

Ƙoƙi ta ce, "Yaya, ba zai bi ta ƙasa ya fice ba?"

"Wani zai fice, wani zai zauna. Hanji ko yana cikin dafi yana da ƙofar da ba ta rufuwa, in sukari ya zo tare da gishiri sai ta shigar da su, ruwa ya bi bayansu. In ya kai ba ya iya haɗiya, to sai ƙarin ruwa ta jijiya."

Wannan haɗi ba ƙirƙirar tatsuniya ba ne. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan duro, dangi na ba majinyatansu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Ƙoƙi ta kwana zaune da cokali a hannu, Gizo na hura wuta. Da asuba yaron ya yi fitsari, ya buɗe ido ya nemi nono. Kafin rana ta take, kowane gida a gangare an ɗora tukunya. Kura da kanta ta je ta kwance Shamuwa, ta kasa haɗa ido da ita, ta ce kawai, "Da na sani tun ranar."

Da aka koma fada, jama'a suka ce a kori Gizo daga gari. Kunkuru ya sake neman izini.

"Manyan Dawa, Gizo ya yi laifi, an gargaɗe shi ya zaɓi kuɗi. Amma abin da ya faɗa rijiyar ba daga cikin Gizo kaɗai ya fito ba, duk wanda ya tsuguna a kwari da rabonsa. Kuma in ba za a ga baƙina ba, wa ya tura talakawa wajen Gizo? Da gangare na da rijiya irin ta tudu, da ko kyauta ya bayar ba mai sha."

Fadawa suka sunkuyar da kai, suna jiran ruri. Zaki ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Gaskiya ka faɗa, kuma a kaina ta sauka."

Ya yi umarni a cike rijiyar Gizo da ƙasa a ranar. Giwa da Ɓauna su haƙa wa gangare sabuwa mai zurfi a sama da unguwa, a ɗaure bakinta, a yi murfi, guga ɗaya a rataye, ba ya taɓa ƙasa. Gafiya da Dabgi su haƙa salga a kowane gida, kada wadda ta kusanci rijiya da ƙasa da mita 30. Kashin jariri ma a salga za a zuba. Randa a rufe, moɗa mai mariƙi, hannu a wanke da sabulu, in babu ko da toka, bayan an zagaya da kafin a taɓa abinci. Kuɗin da Gizo ya tara a sayi sukari da gishiri a raba. Malam Dila kuwa aka ce ya bi gida-gida da bakinsa ya janye maganar hana ruwa. Ƙuda aka bar shi, amma daga ranar duk akushin da ya je ya tarar da faifai a kai.

Ƙurunƙus kan kusu.

Kwalarar da ke yawo a duniya yanzu ta taso daga Indonesiya a 1961, ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma ba ta fita ba. A 2021 kaɗai an ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jihohin Bauchi, Kano da Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Alhali in an kama ta da wuri, ko mutum 1 cikin 100 ba ta kashewa. Iyaye, in yaro ko babba ya fara zawo irin na ɗan Kura, a dama ruwan gishiri da sukari nan take, a riƙa ba shi a kan hanyar asibiti. Ko tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye.