A Kafa Mana Goro a Mokola

Tun ranar da na furta maganar nan a majalisarmu ta bayan la'asar, ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Abin da na ce kuwa bai taka kara ya karya ba. Cewa na yi a samu magina su ƙera mana goro ƙwaya ɗaya, marsa, mai tsayin bene hawa biyu, a girke shi a mashigar Sabo ta wajen Mokola, duk baƙon da ya shigo Badun ya tsaya a gabansa ya ɗauki hoto. Shi ke nan fa. Yanzu ko yaran 'yan canji suka hango ni sai su ɗaga hannu su ce, "Sarkin Goro, an gaishe ka!"

To masu taɓe baki, ku matso kusa.

Allah gafarta Malam, kai ka fara cewa gunki ne. Ina tambaya cikin ladabi: ina idon goro, ina hancinsa? Da mutum-mutumi na ce, irin ƙaton nan na Dakar da Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe a 2010, namiji da mace da yaro na tagulla, tsayinsu kusan mita hamsin, da na yi shiru, don limaman Sanagal ma sai da suka yi ca a kansa. Amma je ka Jidda, ƙofar Makka. A zamanin magajin garin Muhammad Sa'id Farsi aka cika shataletalen birnin da manyan abubuwan ƙira, har da wani shirgegen keke da Julio Lafuente, mutumin Sifen, ya tsara, har shataletalen ya ci sunan keken. Keke fa, Malam! Kuma hoton nan da ke rataye a zaurenka, kana sanye da farar jallabiya, ƙaton agogon Makka a bayanka, ba aljani ne ya ɗauke ka ba. Na lura har hularka ka karkata.

Alhaji mai canji kuma ko kallona bai yi ba, yana lissafi ya ce, "Nawa za a samu?" Ranka ya daɗe, saurara. A 1964 wani mai sayar da ayaba a bakin titi a Coffs Harbour, ƙasar Ostireliya, ya gaji da ganin motoci suna wuce shi fuu, sai ya sa aka gina masa ayaba mai tsawon mita 13. Direbobi suka fara taka birki. Yau ƙasar cike take da irin waɗannan, abarba ne, rago ne, sun haura ɗari, mutane na tafiya takanas don su tsaya a gindinsu su yi murmushi. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto a Mokola, ƙamshin tsiren Sabo ba zai bar shi ya koma mota hannu rabbana ba. In ya ci zai nemi shayi. In daga Ingila ya zo ganin gida, aljihunsa da fam, wurin wa kake jin zai nufa?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma ba kuɗin ba ne. Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa. Shanu na gangarowa daga arewa, huhun goro na hawa jirgin ƙasa zuwa Kano, duk ta hannun fatoman Sabo. Har Bature Abner Cohen ya zo ya zauna cikinmu, ya fitar da littafi sukutum a kanmu a 1969. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, amma in saurayin Sabo zai aika wa budurwarsa hoto a Sakkwato, sai ya hau Micra ya tafi Dugbe ya jingina da Cocoa House, kai ka ce ubansa ne ya noma kokon da aka gina shi da kuɗinsa. Masu masaukinmu kuwa ba su yi sanya ba, sun kafa Iyalode Efunsetan Aniwura a shataletalen Challenge, mutanen Ikko sun jera hakimansu uku masu fararen huluna tun 1991 suna yi wa baƙi maraba. Ni Bagobiri ne, don haka ina da damar faɗa: Yarabawa ko kaza ce ta yi musu ƙwai biyu sai sun yi mata anko da kiɗa. Amma a nan sun fi mu gaskiya. Mutanen Makurɗi ma sun ɗora ƙaton kwandon abinci a tsakiyar titi, Kabawa sun kafa kifi a Argungu, ba wanda ya ce sun zautu.

Ku dubi yadda abin zai kasance ranar ɗaurin aure. Abokin ango ya ja da baya taku talatin, ya durƙusa da wayarsa, ango ya shimfiɗa tafin hannu daidai gindin goron. "Ɗaga kaɗan. A'a, ka yi yawa. Yauwa, tsaya nan!" Sai hoto ya fito, ga ango ɗauke da goron da ya fi motar amarya girma. A tura wa dangin amarya a WhatsApp a ce ga na ɗaurin aure ya iso, a raba.

Wani Bakano a majalisar ya ce a kai wa gwamnati maganar. Sannu, mutumin kirki. Ba ku ne aka gina muku shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati a 2017 don cikar jiha shekara hamsin, aka wayi gari a watan Yunin 2023 katafila ta kwashe shi ba? Goronmu karo-karo za mu yi masa, kowane shago ya kawo buhun siminti, kada wata jam'iyya ta shafa masa launinta.

Ashe launin ne ma zai raba mu. Jiya Malam da kansa, wanda ya ce gunki ne, ya kira ni gefe ya ce in dai har za a yi, to fari za a yi, don shi ne na girmama manya. Alhaji mai canji ya ce ja ya fi fitowa a hoto. Masu tsire sun aiko cewa ba su yarda ba, tsinken nama za a kafa, da ƙuli-ƙulinsa da albasa. Baba mai goro kuwa, da ya shekara arba'in yana yayyafa wa faifansa ruwa, ya saurare mu tsaf, ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, sannan ya ce, "Yaro, duk na ji. Amma wa zai riƙa lulluɓe shi da ganye in hunturu ya shigo?"