Zogale Mai Takarda

A Yamai, ciki ma yana da aji. Alhajin unguwar Plateau ba ya taka kasuwar Katako. Ƙura ta yi yawa. Cefanensa sai babban kanti mai sanyi: kifin gwangwani, biskit ɗan Faransa, lemon kwalba. Maigadinsa kuwa, Allah sarki, kullum dambu da zogale na dala 40, sai ɗan salatin lambun Gamkalle.

Da hawan jini ya yi wa Alhaji sallama, likita ya ce a koma ganye. Yanzu Alhaji yana haɗiyar zogale a ƙwaya, da tsadarsa, safe da yamma.

Har yanzu dai yana tausaya wa maigadi. Bawan Allah, nasa zogalen ko takardar bayani babu.