Masu Tara Tsoffin Kuɗi Da Kayan Aikinsu

Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Babura can bakin iyakar Nijar, da wuya a rasa kwabo mai huda a gindin adakar wata tsohuwa. Tun ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta karɓi ragama, sule da sisi da taro suka yi ritaya, suka koma zaman kwalla da kumbo. Yanzu kuma an sami masu sha'awar tara su, abin da ya kawo mu ga batun kayan aiki. Ra'ayina a nan shi ne, kayan kirki su ne waɗanda za su bar mutum ya duba, ya auna, ya adana, ba tare da ya sauya komai a jikin kuɗin ba. Duk abin da ya wuce haka ɓarna ce, kuma masoyan tsohon kuɗi su suka fi kowa yi masa ita.

Na gaba-gaba shi ne Sarkin Guga. Kayansa toka da tsamiya da lemon tsami da soson ƙarfe, in ya sami sarari ya ƙara da Brasso. A ba shi kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingilan da ya yi murabus kafin shekarar ta fita, sai ya zauna gindin darbejiya ya yi ta dirza har ya ga fuskarsa a ciki. Kafin la'asar tauraron nan mai tsini shida ya shafe, rubutun Larabcin ya dusashe, ɗan harafin H ko KN da ke nuna wace masana'anta a Birmingham ta buga shi ya bi ruwan toka. In aka yi magana ya ce ai tsafta cikon addini ce. Gaskiya ne, amma ta jiki da tufa ake nufi. Duhun da shekaru suka shafa wa kwabo shi masana ke fara dubawa, kuma abin da soso ke ɗebewa ƙarfen ne kansa, ba ya dawowa. In ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsabta da ƙyallen auduga sun isa, a dangwala, kada a goga.

Maƙwabcinsa Mai Gwangwani ba ya wanke komai, wannan kam a yaba masa. Sai dai ya zuba anini da ɗari da fataka a gwangwanin madara guda, duk baƙon da ya zo sai ya girgiza masa ya ji ƙara, kowace girgiza kuwa da tabon da take bari. In akwai aninin sanholo na 1908 a ciki, wanda Turawa da kansu suka daina bugawa don lalacewarsa, to ya shiga uku. Ƙanensa Mai Leda yana ganin ya waye, ya sa kowane a leda mai taushi ya ɗaure. Irin wannan roba in zafin bazara ya dafa ta, damina ta biyo baya, wani koren danƙo take fitarwa mai cin tagulla.

Wanda ya fi cin lokacin jama'a shi ne Mai Jiran Miliyan. Yana da liyari guda da ya gada, an rubuta 1780 a jikinta, don haka ya riga ya zaɓi filin da zai saya a Kano. Kayan gwajinsa haƙori ne da daɓen siminti: ya ciza, ya jefa ƙasa, ya karkata kunne, ya ce, “Yaro, ka ji azurfa tana magana?” Abin da ba ya son ji shi ne, Mariya Tereza, wadda hotonta ke jikin liyarin, ta rasu ne a 1780, kuma tun daga lokacin aka ci gaba da buga liyari da wannan shekarar, a Biyana da Landan da Rum da Bambai, miliyoyi bisa miliyoyi, saboda fatake daga Habasha har ƙasar Hausa ba su yarda da wata ba. Tasa tana iya zama ƙanwar kakarsa a shekaru. Abin da yake bukata shi ne ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari, domin liyari ta ƙwarai giram 28 ce da ɗan ɗoriya. Mayen ƙarfe ma yana taimakawa, tunda ba ya kama azurfa, amma darma da farin ƙarfe na jabu su ma sukan tsallake shi, sikelin dai shi ne alƙali.

Akwai kuma Alhaji Mai Oda, wanda ya fara daga ƙarshe. Ta intanet ya sayo kundi mai aljihuna, da safar hannu, da hantsaki mai bakin roba, da madubin da ake jonawa da kwamfuta. Abin da ke cikin kundin kuwa naira biyu ce ta 2007 da wasu sefa da direbobin Babura suka ba shi canji. Shi ne hujjar masu cewa wannan sha'awa ta masu hannu da shuni ce, kayanta ba a samunsu a kasuwar Kazaure. Ni ban yarda ba. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, da ƙananan ambulan na takarda, kowane kuɗi da nasa, da busasshen akwati nesa da randa, da sabon kama kuɗi ta gefe da wankakken hannu, sun yi kusan duk aikin da kayan Alhaji ke yi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa me za a yi da kuɗin da ba ya sayen ko ashana, alhali 'yan gwangwan na saye a kilo, maƙera na narka azurfa su yi zobe. Amsar tana jikin kwabo 25 na 1973, mai hoton dalar gyaɗa. Dalar ta ɓace daga Kano, kuma yaron Gwiwa da kakansa ya noma gyaɗar da aka tara ta da ita zai iya riƙe shaidar a tafin hannunsa. Wannan ya sa nake ɗaga wa Malam Mai Littafi hula. Babban kayan aikinsa biro ne da littafin rubutu na 'yan firamare, inda yake sa shekara da nauyi da garin da aka samo kowane kuɗi. Aibinsa ɗaya ne: kada ka kuskura ka tambaye shi labarin taro guda in kana sauri, don sai an kira magariba yana kan Sarki Joji na Biyar.